Minti biyar na shiru: maganin da ba na sayarwa

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da bayani a kan yadda ake adana magani a gida lokacin zafi. Ku yi mini afuwa, zan ɗage wannan zuwa mako mai zuwa, domin wani abu ya faru a wurin aikina da ya ƙi barin zuciyata. Yau a kan natsuwa za mu tattauna. Ni Kirista ce, kuma daga abin da na sani a addinina zan ɗebo misalaina, amma ina kyautata zaton 'yan'uwana Musulmi ma ba za su tashi hannu rabbana ba.

Wata ranar Talata da yamma, wajen ƙarfe shida, wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan Agege, Legas. Za ta yi shekara hamsin da 'yan kai. Na san ta, domin majami'armu ɗaya, kuma sai da na nemi izininta kafin na rubuta wannan labari. Tana sayar da abinci, tana riƙon jikoki biyu, ga ta kuma cikin shugabannin Zumuntar Mata. Bayan mun gaisa sai ta matso kusa da kanta, ta yi ƙasa da murya.

"'Yata, taimaka mini da ƙwayar nan ta barci, 'yar ƙaramar nan mai ruwan ɗorawa."

Na ce, "Mama, ina takardar likita?"

Ta ce, "Wace takarda kuma tsakanina da ke? Mako uku ke nan wata maƙwabciyata take sam mini, yanzu nata ya ƙare. In ban sha ba, sai in ji kiran asuba a kunnena ban runtsa ba. Ko addu'a na durƙusa zan yi, kafin in kai Amin na je kasuwar Mile 12 na dawo sau uku."

Ƙwayar da take nufi ita ce dayazefam, wadda aka fi sani da Valium. Na gaya mata ba zan iya ba ta ba sai da takardar likita, na kuma ce ta bari in auna mata jini. Awon farko ya nuna 165 bisa 98. Ka'idar awon hawan jini ita ce mutum ya zauna shiru na minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa, ba magana, kafin a ɗaura masa na'ura. Ita kuwa daga cikin cunkoson titi ta shigo, tana haki, waya a hannu. Sai na kai ta kujerar da ke ciki, na karɓi wayar na kife a kan tebur, na ce, "Mama, ki zauna kawai. Kada ki ce komai, kada ki yi komai. Ina zuwa."

Da na dawo bayan minti biyar, sai na tarar da ita tana share hawaye da bakin zanenta. Na tsorata, na tambaye ta ko wani wuri ne yake mata ciwo. Ta girgiza kai ta ce, "Babu inda yake ciwo. Tun da aka binne ƙanena bara, yau ce ranar farko da na zauna babu abin da nake yi." Awo na biyu ya sauko zuwa 146 bisa 90. Har yanzu yana sama da inda ake so, don haka na tura ta wurin likita. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: ko na'ura ba ta faɗin gaskiyar jikin mutum sai ya zauna shiru. To, ina ga zuciya?

Nawa laifin

Kada ku ɗauka ina magana ne daga kan tudun mun tsira. Shekara biyu da suka wuce, wani magidanci ya kawo takarda yana neman kabamazepin, maganin farfaɗiya, don ɗansa. A daidai lokacin ana ta gardama a zauren WhatsApp na matan majami'armu a kan kalar ankon taro, ni kuma ido ɗaya a takarda, ido ɗaya a waya. Na miƙa hannu na ɗauko kabimazol, wanda magani ne na wata cuta dabam da ta shafi maƙoƙo. Sunayen suna kama da juna, kuma a jere suke a kan kanta. Har na sa a leda. Abin da ya cece ni shi ne horon da aka yi mana tun a makaranta, cewa sai an sake karanta kwali kafin a miƙa wa mai shi. Na ajiye wayar, na karanta, gabana ya faɗi. Da maganin nan ya fita, da yaron ya yi kwanaki ba ya samun abin da yake tare masa farfaɗiya, ga kuma wani maganin da jikinsa ba ya bukata.

Daren ranar na durƙusa don in gode wa Allah, sai na lura da wani abin kunya. Yadda na riƙe takardar mutumin nan, haka nake riƙe addu'a. Bakina yana wurin Ubangiji, kunnena yana jiran ƙarar saƙo. Littafi Mai Tsarki ma a cikin wayar nake karantawa, aya biyu sai saƙo ya faɗo daga sama, in ce bari in duba in dawo, dawowar da ba na yi ke nan. Na yi shekaru ina hidima a majami'a, amma na kasa tuna ranar ƙarshe da na zauna a gaban Allah da hankalina duka.

Abin da hayaniya take yi wa jiki

Allah ya halicci jikinmu da shiri na ko-ta-kwana. Idan mutum ya ga haɗari, jiki yakan saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, numfashi ya yi sauri, narkewar abinci ta ja baya. An yi wannan shiri ne don ɗan lokaci, haɗari ya wuce, jiki ya koma daidai. Matsalar zaman birni ita ce ƙararrawar ba ta daina kaɗawa. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, awa biyu a cikin danfo, ƙarar janaretan maƙwabci, sannan waya ta kawo hoton wani mummunan abu da ya faru a can gida Arewa. Jiki ba ya bambance zakin da ke gabanka da wanda ke cikin waya, duk shirin gudu yake yi.

Ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya mayar da hankali a kan abu biyu a lokaci ɗaya. Tsalle take yi tsakaninsu, kuma a kowane tsalle akwai abin da yake zubewa. Shi ya sa a wasu asibitocin Ingila ma'aikatan jinya sukan sa wata riga mai rubutu a lokacin rabon magani, don kada kowa ya katse su.

Ga kuma barci. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa bakwai a dare. Haske da daddare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da yake shaida wa jiki cewa dare ya yi, abin da ake karantawa a waya kuma yana daɗa farkar da tunani. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya ci goro ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma na dare rabin ƙarfinsa yana nan. Wasu magungunan ciwon kai ma akwai kafeyin a cikinsu, wasu na mura da na asma kuma sukan sa bugun zuciya. Mutane da yawa suna zargin kansu da raunin bangaskiya, alhali abin da suka sha da la'asar ne yake hana su sakat.

Ita kuwa dayazefam da 'yan'uwanta, likitoci kan rubuta su ne na ɗan lokaci, galibi kada a wuce mako biyu zuwa huɗu, saboda jiki yana saurin sabawa da su. Suna sa tsofaffi jiri har su faɗi. Idan aka haɗa su da giya, ko kodin, ko taramol, suna iya danne numfashi. Wanda kuma ya daɗe yana sha bai kamata ya daina dare ɗaya ba, sai dai likita ya riƙa rage masa a hankali. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Daga abin da nake gani a kanta, da yawa ba maye ne ya fara kai su ba. So suke tunanin ya yi shiru na 'yan awoyi kawai.

Iliya a ƙarƙashin itace

Labarin da na fi komawa gare shi a wannan batu yana cikin littafin 1 Sarakuna, sura 19. Annabi Iliya ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, sai sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa. Ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku duba abin da ya biyo baya. Ba a yi masa wa'azi ba, ba a tsawata masa ba. An bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan nan ya kama tafiyar kwana arba'in zuwa Dutsen Horeb. A can aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma duk bai sami Ubangiji a cikinsu ba. Da wata siririyar murya ta zo a cikin shiru, sai ya rufe fuskarsa ya fito bakin kogo.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, jerin nan yana burge ni: barci, abinci, ruwa, sannan shiru, sannan magana. A ƙarshe kuma aka shaida masa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum dubu bakwai, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Wanda ya halicci jiki bai raina bukatar jiki ba.

Haka muke gani a rayuwar Yesu Almasihu. A sura ta farko ta Bisharar Markus, ya yini yana koyarwa a Kafarnahum, da yamma kuma gari duka ya taru a ƙofar gida da marasa lafiya. Da asuba, tun da sauran duhu, ya tashi ya tafi inda ba kowa don ya yi addu'a. Almajiransa suka bi sawunsa suna gaya masa jama'a na nemansa. Akwai sauran marasa lafiya a garin, akwai sauran aiki, duk da haka ya janye. A sura ta shida, da ya ga masu shiga da fita sun hana almajiran ko cin abinci, shi da kansa ya ce su keɓe su huta.

Hidimar da take cinye mai hidima

Nan ne zan taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, mu masu zuwa majami'a. Idan aka ce abin duniya yana ɗauke hankali, tunaninmu yakan tafi wurin fim, da kwalliya, da neman kuɗi. Amma Maman da na ba ku labarinta ba ta kallon fim. Ga yadda makonta yake: Litinin taron shugabanni, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Juma'a kwanan addu'a har asuba, Asabar biki ko ta'aziyya, Lahadi tun safe sai la'asar. Duka abubuwa ne masu kyau. Sai dai a cikinsu babu inda ta taɓa zama ta yi kukan ƙanenta a gaban Allah.

A sura ta goma ta Bisharar Luka, Marta ba wani aikin banza take yi ba, abincin Ubangiji take dafawa. Amma aikin ya cika mata ciki har ta fara jin haushin 'yar'uwarta Maryamu da ke zaune tana sauraro, ta kuma kai ƙara wurin baƙon da take yi wa hidima. Wannan alama ce da ya kamata kowa ya riƙe: ranar da hidima ta fara sa ki ƙirga waɗanda ba su zo shara ba, kina cika kina batsewa, to rijiyar ta kusa ƙafewa.

Ba ina cewa a daina kwanan addu'a ko a kashe ganguna ba. Ni ma ina son waƙa da rawa a sujada. Amma ina roƙon fastocinmu da dattawan ikkilisiya su duba: a cikin sujadar awa uku, ko akwai minti biyu da ake kashe lasifika a bar jama'a su yi shiru? Kuma direban da ya kwana a majami'a daren Juma'a, ya kama sitiyari da safiyar Asabar ɗauke da fasinja, wa zai amsa tambaya idan barci ya sace shi? Dukanmu mun san irin macen da ba ta taɓa cewa a'a, ita ake ɗora wa komai. Kyautatawa ce a sauke mata wani kayan tun kafin ta faɗi.

Ba yau aka fara ba

Kada mu ɗora wa waya laifin duka. Antoni na Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 251, ya rasu a 356, ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada don ya keɓe da Allah. Ko a can tunani bai bar shi ba, ya yi shekaru yana fama da shi. Wani malamin hamadar mai suna Ebagiriyus, da ya rasu a 399, ya kwatanta yadda mai ibada yakan kasa zama da tsakar rana, ya riƙa leƙa taga, yana fita duban rana ko lokacin cin abinci ya yi, yana sauraron ko wani zai zo. Da na karanta wannan sai na yi dariya, domin tagar ce yanzu muka sa a aljihu.

Akwai kuma Ɗan'uwa Lorens, wanda ya rasu a 1691. Shekaru ya yi yana aiki a ɗakin girkin wani gidan ibada a birnin Faris na Faransa, aikin da shi kansa ba ya so. Abin da aka san shi da shi shi ne ya koyi mayar da zuciyarsa wurin Allah a tsakiyar tukwane da kiraye-kirayen masu jiran abinci, da gajerun addu'o'i, sau da yawa a yini. Wannan ya fi kusa da mu. Yawancinmu ba mu da hamada, muna da ɗaki ɗaya da falo, da layin banɗaki, da yara huɗu.

A nan zan yaba wa maƙwabtana Musulmi. Mai shagon da ke kusa da mu, ko layi ya kai titi, idan aka kira salla sai ya ja ƙofa ya tafi, kuma ban ga ya talauce ba. A goman ƙarshe na Ramadan wasu sukan shiga i'itikafi su bar komai. Kallonsu ya tuna mini cewa lokacin Allah yanka shi ake yi daga cikin yini, ba a jira sai ya rage.

Yadda nake sha

Tun da sana'ata ke nan, bari in rubuta muku yadda nake yi kamar yadda nake rubutu a bayan kwalin magani.

Na farko, lokaci. Maganin da aka ce a sha duk sa'ad da aka tuna ba ya aiki. Ni ƙarfe biyar saura kwata nake tashi, kafin yara. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya takan isa wurin aiki da wuri ta zauna a benci na minti goma. Kowa ya zaɓi nasa, amma ya zama lokaci ɗaya kullum.

Na biyu, a fara da kaɗan. Minti biyar ko goma sun isa a makon farko. Masu ɗaukar alkawarin awa biyu a ranar 1 ga Janairu, kafin wata ya ƙare sun watsar.

Na uku, waya ta kwana a wani wuri. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, wayata kuma a falo take kwana. Na koma karanta Littafi Mai Tsarki na takarda, tsohon na mahaifiyata na Hausa, wanda ba ya kawo mini saƙon kowa. Mai jinya ko mai jiran kiran gaggawa yana iya barin kira a buɗe ya kashe intanet.

Na huɗu, jiki ya fara zama. Nakan zauna in jingina, in ja numfashi a hankali, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, kamar sau goma. Wannan ba wani sirri ba ne, numfashi mai tsawo yana rage bugun zuciya. Sannan in karanta ɗan gajeren nassi, sau biyu ko uku, ba da gaggawa ba, in yi shiru a kansa kafin in buɗe baki da roƙo.

Na biyar, takarda da biro a gefe. Da zarar an zauna, tunani zai zo: gas ya ƙare, ba a biya kuɗin wuta ba, wance ba ta gaishe ni ba. Nakan rubuta abin a layi ɗaya in koma. Wanda ya ƙi tafiya kuma in mayar da shi addu'a, wataƙila dama shi ne abin da ya kamata mu tattauna da Ubangiji. Hankali zai gudu sau ashirin, a dawo da shi sau ashirin, ba tare da zagin kai ba.

Na shida, idan an tsallake rana, kada a ninka. Haka muke gaya wa masu shan maganin hawan jini. A ci gaba washegari kawai.

Ga iyali kuma, a gidanmu kafin addu'ar dare mukan yi shiru na minti ɗaya. Da farko yara dariya suke yi, yanzu ƙaramar ce take tuna mana. Ina kira ga magidanta: uwargida ba za ta sami minti goma ba sai wani ya riƙe jariri. Maigida, wannan ma hidimar Allah ce.

Inda shiru bai isa ba

Wajibi ne in faɗi wannan. Akwai rashin natsuwar da ciwo ne. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake jin daɗinsa da ya daina yi masa daɗi, barci ko cin abinci ya rikice, yana jin ba shi da amfani, to ya ga likita. Idan kuwa tunanin kashe kansa yana zo masa, a ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. Faɗuwar gaba da rawar hannu da rama suna iya zama alamar cutar da ta shafi maƙoƙo. Ƙarancin jini ma yakan sa bugun zuciya da kasala. Gwajin jini ne yake rarrabe waɗannan.

Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Yaba da ke Legas, da Aro a Abeokuta, da Barnawa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Zuwa waɗannan wurare ba abin kunya ba ne, kuma ba gazawar bangaskiya ba ce. Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara samun natsuwa a addu'a, ya riƙe duka biyun.

Maman nan ta je wurin likita. An ɗora ta a kan maganin hawan jini, aka kuma tsara mata yadda za ta rabu da ƙwayar barcin a hankali. Ta daina goron yamma, ta sauka daga kwamiti biyu, abin da ya jawo mata 'yar magana a wurin wasu. Ba zan ce muku komai ya warware ba, har yanzu akwai daren da barci yake mata gardama. Amma duk ranar Talata takan biyo ta kantinmu a auna ta, ta miƙo mini wayarta da kanta, ta wuce kujerar nan ta ciki. Makon jiya da na zo da na'ura sai ta ɗaga mini hannu, idonta a rufe, ta ce, "'Yata, ƙara mini biyar, ban gama ba."

Na ƙara mata. Ni ma na jawo kujera na zauna.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, inda za mu koma kan batun adana magani a lokacin zafi. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar rai.